Baba Mai Allura da Takardar Inna

Ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Mayu, na dawo daga makaranta na tarar da Inna zaune a bakin gado, ko takalmi ba ta cire ba. Ta ce, “Baba Mai Allura ya rasu.” Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Baba, ba lallai ka gane ni ba, domin duk lokacin da ka gaishe ni ƙasa nake kallo. Ni ce 'yar mai keke na uku daga taga, a shagon ɗinkin kayan makaranta da ka shugabanta.

Wanda ya riƙe shagon kafin kai, ko bayan gida mutum zai je sai ya duba masa agogo. Inna takan dawo ba ta iya amsa sannu. Tana cin abinci, ƙafarta tana taka keken da babu shi. Wata rana ta ce in ɗauko biro, tunda ni ce 'yar boko. Na rubuta mata takardar ajiye aiki ina share hawaye, domin wannan keken ne yake riƙe da karatuna.

Da ta kai, sai ta tarar an canza shugaba, kai ne a kujerar. Ka juya ambulan ka ce, “'Yata, na manta tabarau a gida. Je ki huta kwana uku, in na samo shi na karanta.” Inna ta rantse tabaran yana kan goshinka.

Ƙarfe huɗu na bugawa sai ka bi kekuna kana cire allurai, kana soke su a hularka, don kada wani ya ƙara ko layi ɗaya. “Ku tafi gida, wando ba ya guduwa!” A nan ka samo sunanka. Ya bazu har wata mata ta kawo jaririnta rigakafi. Ka ce, “Baiwar Allah, tawa ta wando ce,” sannan ka raka ta har asibiti da alluran a ka.

Shekara huɗu ke nan. Inna ta koma dariya, ƙafar ma ta daina. In ta ce, “Baba, takardata fa?” sai ka ce, “Ke dai kin ci abinci?”

Allah Ya jiƙan ka, Ya hutar da kai kamar yadda ka hutar da bayinSa, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka, da 'ya'yanka, da duk ma'aikatan shago. Allah Ya ba mu haƙuri.

Ina da roƙo ɗaya ga sabon shugaba. A aljihun tebur na ƙasa akwai ambulan mai rubutuna. Inna ta fasa ajiye aikin tun tuni, kuma tun ranar Talata hankalinta yana kansa. Don Allah a maido mana a rufe. Idan kuma doka ta ce sai an karanta, to a yi masa irin karatun Baba.