Dashen Dabinon Kaka

Gidan da nake aure a Dutse bayan tasha yake. Kullum da safe ina jin masu lodi suna ta "Jahun! Jahun, saura mutum ɗaya!" Na shekara ashirin ina ji, amma har yau ban saba da shi ba. Ni fa ba na son tafiya. Ka bar ni a tsakar gida da tabarmata da mai taya ni hira, ka gama mini komai. In aka ce gobe za a je wani gari, tun yau zama yake gagarata.

Ina 'yar shekara tara kakata ta wajen uba ta ɗauko ni daga ƙauyenmu, can gaba da Jahun, muka zo Dutse wajen ƙaninta. Abin da ya kawo ta ɗaya ne. Ta ce tana so ta ci dabinon gidanta kafin ta mutu. Ƙanin nata ya taɓa cin wani dabino mai zaƙi, ya shuka ƙwallon a fasasshiyar tukunya, ya raine shi har ya kai tsawon hannuna. Shi ya ba ta. Ya naɗe saiwar da jiƙaƙƙen buhu, ya ce, "Yaya, kada ki bari ya bushe. In rana ta faɗi bai shiga ƙasa ba, to, ki haƙura."

Ƙarshen bazara ne, irin zafin nan da ƙarfen mota yake ƙona cinya. Muka hau bayan a-kori-kura za mu koma gida, mu da buhunan gero da wani ɗan kasuwa mai awaki uku. Kaka ta rungume dashen kamar jariri. Ni kuwa tambaya nake yi, mun kusa? Mun kusa? Ba mu yi rabin hanya ba taya ta fashe. Direba ba shi da wata, ya ciro ta ya gangara da ita ƙauyen gaba neman mai faci.

Bishiya ɗaya ce a wurin, wata 'yar aduwa duk ƙaya. Kaka ta sauko ta dube ta, ta ce, "Alhamdu lillahi da ta fashe kusa da inuwa."

Mai awaki ya ce, "Haba Iya! Wannan ce inuwar? Ko kaza ba za ta isa ba."

Ta ce, "To kai kaza ne? Shigo da kanka, ƙafafun su yi haƙuri."

Mutane suka yi dariya, har da shi. Ni ban yi ba. Na kasa zama, in leƙa hanya in dawo, in taɓa buhun in ji ya fara bushewa. Goran ruwanmu ɗaya ne. Kaka sai ta ba ni kurɓi ɗaya, ta zuba wa buhun biyu, ita ko ba ta sha ba. Da azahar ruwan ya ƙare. Na fashe da kuka na ce shi ke nan, zai mutu, da ma ba mu zo ba. Ta ce, "Ƙawata, bai mutu ba tukuna. Ki bari ya mutu sannan mu yi kukan tare, ni ma ina da nawa." Sai ta cire mayafinta ta lulluɓe shi. Can wata Bafulatana mai tallan nono ta zo wucewa, Kaka ta tare ta da barkwanci har ta juye mana ruwan da take ɗauraye ludayi da shi.

Rana ta yi ja muka isa gida. Babana ya haƙa rami a bayan ɗakinta, aka dasa. Ya kama.

Shekara bakwai tana ba shi ruwan alwalarta. Ta kewaye shi da ƙaya saboda awaki, tana yi masa magana kamar mutum. Shekarar da ya fara fure, babana ya duba, ya kira wani maƙwabcinmu da ya san dabino. Mutumin ya shinshina furen ya ce namiji ne. Ashe in daga ƙwallo aka shuka, ba mai sanin mace ce ko namiji sai ya yi fure. Namiji kuwa ba ya 'ya'ya har abada.

Na zaci za ta faɗi. Ta zauna a bakin ƙofa. Sannan ta tambayi maƙwabcin, su nasu dabinan fa? Ya ce duk mata ne, shi ya sa kowace shekara sai an je har Dutse a samo furen namiji a ɗaura musu, in ba haka ba su zubar da 'ya'ya. Ta tafa hannu ta ce, "Ashe ango na ɗauko wa gari! To ku zo ku yanki furen, na yafe sadaki."

Haka aka yi. Da dabino ya nuna, gida-gida aka riƙa aiko mata a kwano. Lokacin haƙoranta sun zube, sai na jiƙa mata a madara. Sau ɗaya dai tana sha ta ce mini a hankali, "Na so a ce na gidana ne." Ba ta sake faɗa ba.

Yanzu hanyar kwalta ce, kafin ka gama cin gyaɗar hannunka ka isa. Masu sayar da dashe ma tun a leda suke gaya maka mace ce. Ni dai ban gaji halin Kaka ba, kullum abin da zai lalace nake fara hangowa. Shekaranjiya ƙanina ya bugo waya, wai za su sare dabinon Kaka su gina ɗaki, tunda ba ya ba da komai, magina za su zo ran Asabar. Na ce kada wanda ya taɓa shi sai na zo. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ke ɗin za ki zo?"

Ban san me zan faɗa musu ba in na je. Na dai aika tasha a riƙe mini kujerar gaba.