Gaisuwar Baba a wayar minti uku

"Baba, minti uku gare ni fa!" Ni ke nan a wani shagon waya a Fatakwal, zamanin soja. Watan haihuwar matata Hajara ya kama, tana can gida Makarfi, ban san halin da take ciki ba.

Da can sakateriyar Makarfi muke kira, masinja ya kai saƙo gida. Da aka sakar wa 'yan kasuwa harkar waya, sai gwamnati ta fake da tsuke bakin aljihu, ta cire layin daga kasafi. Har yau ban huce ba. Amma gaskiya, wayar shagon Madam Rifkatu da ke Makarfi ta fi tasu shiga. Can Baba ya je ya jira kirana.

"Ya aiki? Ya ruwa? Ya maigidanka da iyalinsa?"

"Baba, Hajara fa?"

"Kai, ga kawunka nan, ba ka gaishe shi ba."

Sai na jiyo Madam daga gefe ta ɗaga murya: "Malam, ta sauka lafiya, mace ce! Baba, ci gaba da gaisuwarka."

Layin ya yanke ina dariya da hawaye. Allah ya jiƙan Baba. Ku ma kuna da dattijon da ba a tsallake masa gaisuwa?