Mai Buroshi da Fuskar Surukinsa

Ranar Talata, tara ga Maris, 1999, wani mai gyaran rediyo ya je aski ya tarar da wani siririn mutum a kan tsani yana zana kawuna a allon shagon. Mai Buroshi ake ce masa. Mai askin yana ta masifa, don kowace ƙeya sai da ya sa mata ƙuraje.

"Haka ƙeyar masu zuwa wurinka take," in ji Mai Buroshi, ko waiwaye bai yi ba.

Bayan shekara biyu wannan mutumin ya auri ƙanwar mai gyaran rediyo. Ya bar allon shaguna ya koma fensir da takarda, daga nan ya kama fentin mai a kan yadi. Hannu kam akwai shi, ko jijiyar goshi ba ta tsere masa. Kara ce babu.

A 2011 ɓarin jikin Baba, surukinsa, ya shanye, baki ya karkace. Mai gyaran rediyo, da yake shi ne babban ɗa, ya kwashe madubin gidan kaf, ya ja wa kowa kunne kada a gaya wa Baba yadda fuskarsa ta koma. Baba ya ci gaba da zama a ƙofar gida yana amsa gaisuwa, a zatonsa harshe ne kawai ya yi nauyi.

Baban da kansa ya ce a zana shi saboda jikoki. Ɗan ya ja Mai Buroshi gefe.

"Ka san fuskarsa ta da. Ita za ka yi."

"Yaya, ta da ai ba ta nan."

"Sai ka nemo ta. Kai ba gwani ba ne?"

Ya ce to. Safiya takwas yana aiki, bai bar kowa ya leƙa ba. Ran ta tara ya juyo da yadin a gaban tsohon. Ga baki a karkace, ga ido ɗaya a zube, har da danshin miyau a wuyan riga.

Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya shafa kumatunsa.

"Haka nake fita?"

Kowa ya sunkuyar da kai. Mai Buroshi, yana goge yatsunsa da tsumma, ya ce, "Haka ne, Baba."

Daga ranar Baba bai ƙara taka ƙofar gida ba, kuma ya hana a shigo masa da masu dubiya. Wata biyar ya yi a ɗaki ya rasu.

Mai Buroshi bai ba kowa haƙuri ba. Ya ɗauke zanen ya kai wurin baje koli, aka yaba, aka ba shi aikin koyar da zane a wata kwaleji. Yana can har yau da matarsa da 'ya'ya huɗu. Mai gyaran rediyo bai taɓa zuwa gidan ba.