Kawu da Masu Sallama

Ni malamin gona ne, kuma a shekarun da nake zagaye ƙauyukan Gwiwa a kan babur ba abin da ke ci mini rai kamar mantuwa. Yau ka ga shafi a intanet da ya yi bayanin tsutsar gero tiryan-tiryan, gobe manomi ya tare ka da zangarniya a hannu, ka lalubi shafin a waya ka rasa. Shi ya sa na buɗe mana wuri a wani dandalin intanet da ake ajiye adireshin shafuka. Rumbu muke ce masa. Duk wanda ya tsinci abu mai amfani, hasashen ruwan sama ne ko maganin ciyawar ƙuduji ko yadda ake adana gyaɗa, sai ya jefa adireshin a ciki ya rubuta layi biyu da Hausa. Abokan aikina na Babura da Kanya Babba duk suka shigo. A tsarin dandalin, abin da aka fi yi wa sharhi shi ke hawa sama, kowa ya fara cin karo da shi. Mun yi shekara uku muna tarawa, kuma ba zan ɓoye ba, ina ji da rumbun nan.

Da hannuna na jawo wa kaina. Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Tsohon magatakardan hakimi ne a ƙasar Roni, mutumin da takarda ba ta taɓa kwana a teburinsa ba a amsa ba. Da ya ajiye aiki sai soronsa ya yi tsit, masu zuwa gaisuwa suka koma soron wanda ya gaje shi. 'Yarsa ta kawo masa waya, ni kuma don burga na sa shi a rumbu, wai ya riƙa duba labarin damina.

Saƙonnin shara dama suna shigowa jefi-jefi, tallar agogo da shayin rage ƙiba, duk da Turanci. Ina gani ina sharewa, ba wanda ya damu. Sai ga wani sabon salo. Masu turowa suka gano cewa Hausawa ne a wurin, suka fara buɗe tallarsu da cikakkiyar sallama, har da wa barakatuhu, sannan wata Hausa mai kama da an wanke ta an shanya a baibai: "Masoyi aboki, ina fatan wannan ya same ka a cikin lafiya mai kyau."

Washegari na ga amsa a ƙarƙashin kowane ɗaya. Kawu ne. "Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Mun ga saƙo, mun gode. Yaya iyali, yaya damina a wajenku? Agogo dai muna da shi, Allah ya kawo kasuwa." Na yi dariya har na nuna wa matata. Cikin mako biyu dariyar ta ƙare. Duk tallar da ya amsa sai ta hau sama, kuma injin da ke turowa ya gane akwai mai rai a wurin, ya ƙaro wasu. Abokin aikina na Babura ya kira ni yana faɗa, wai manomi na tsaye a kansa, ya shiga neman maganin tsutsa ya tarar da shayin rage ƙiba. Sannan masu dandalin suka aiko mini da gargaɗi cewa rumbunmu ya zama matattarar talla, in ban gyara ba za su rufe shi da duk abin da ke ciki.

Ranar Juma'a na hau babur daga gidana a Kazaure zuwa Roni, ina ta tsara magana a hanya. Na same shi a soro, tabarau a karan hanci, waya a nesa da fuska. Na durƙusa muka gaisa, muka ƙara gaisawa, sannan na lallaɓo.

"Kawu, mutanen nan da kuke amsa wa, ai ba mutane ba ne. Inji ne ke turowa."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Inji ne ya yi sallama?"

"E, Kawu. Saita shi aka yi."

"To wa ya saita shi? Aljani? Ai mutum ne ya koya masa. Ni shi nake amsa wa. Kai ɗan nan, a gidan nan ka tashi. Ka taɓa ganin an yi sallama a ƙofar soron nan an yi shiru don ba a san mai ita ba?"

Na ce ban taɓa gani ba. Na ƙara da cewa ni dai zan riƙa share su. Nan fa ya ajiye wayar.

"Ka share rubutu da sunan Allah a ciki? Da kana ƙarami in ka ga takarda da bisimilla a ƙasa, me nake sa ka yi?"

"In ɗauka in soke a katanga."

"To."

Shi ke nan maganar. Na sha kunun da aka kawo mini, na hau babur na dawo, raina a ɓace, kuma ban san da wa zan yi fushin ba. In cire shi daga rumbu, na cire mutumin da ya kai ni makaranta a kan kekensa. In bar shi, aikin mutane na shekara uku ya tafi. Musu da shi kuwa, bakina ba zai iya ba.

Sai na bi ta bayan gida. Na saita rumbun yadda duk sabon shiga sai na amince kafin rubutunsa ya fito. Na kuma kafa rariya: duk saƙon da ya fara da doguwar sallama, ko ya zo da "masoyi aboki", ya faɗa wani akwati da ni kaɗai ke gani. Ban share ko ɗaya ba, a can suke jibge, don ko a zuciyata ina jin idon Kawu. Kwana kaɗan rumbu ya yi fes. Tsutsar gero ta koma sama, na Babura ya kira ya ce aikina ya yi kyau.

Abin da ban lissafa ba shi ne Kawu ma da doguwar sallama yake fara komai. Wata safiya na buɗe akwatin don in duba ko rariya ta kama na kirki, sai na tarar da shi tsakanin mai agogo da mai shayi. Saƙo huɗu, kowace safiya ɗaya. Na farko yana cigiyar jama'a. Na ƙarshe ya ce: "Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shiru ya yi yawa. Idan akwai wanda na ɓata wa a cikin amsoshina, don Allah ya yafe mini, tsufa ne."

A kan babur na karanta shi, a gindin wata tsamiya. Kunya ta kama ni, irin wadda ban ji ba tun ina ɗan makaranta. Na cire sunan Kawu daga rariyar, na saki saƙon ya fito fili, na jira ko wani daga cikin abokan aikina zai amsa. Damina ce, kowa na gona, har la'asar ba wanda ya tanka.

Sai na buɗe sabuwar rajista da sunan da ba nawa ba, na amince da kaina da kaina, na rubuta masa: "Wa alaikumus salam, Baba. Ba ku yi mana komai ba, tafiya ce ta kama mu." Ban kai ga sa wayar a aljihu ba amsarsa ta shigo, yana tambayar wane gari, kuma an dawo lafiya.

Yanzu kullum bayan na karya kumallo sai in zama wancan mutumin. Na ba shi gari, na ba shi 'ya'ya uku da gonar dawa, kuma dole in tuna duk ƙaryar da na yi jiya, don magatakarda ba ya mantuwa. Ni da na hana saƙon bogi shiga rumbu, ni ne na bogin da ya rage a ciki, kuma ban ga ranar dainawa ba.

Juma'ar da ta wuce na je gaishe shi. Ya miƙo mini wayar yana murmushi.

"Ga injin naka. Karanta ka gani. Kullum sai ya tambayi ƙafata." Ya karɓe wayar ya goge fuskarta da hannun riga. "Kai kuwa sai Juma'a."