Makanikin Jelar Jirgi

A rumfar gyaran jirage Baba Jela ake ce masa, don shekara ashirin da shida ba a taɓa ɗaure ko noti ɗaya a jelar jirgi ba sai yana tsaye a kai. Shi kuwa ko sau ɗaya bai taɓa tashi sama ba. Matarsa takan zolaye shi da cewa likitan tsuntsaye ne mai tsoron bishiya.

Ƙaninsa, wanda ya raina tun rasuwar mahaifinsu, shi ne ya zama matuƙi.

"Kowa hancin jirgi yake kallo," yakan ce wa ƙanin, yana shafa ƙarfen jela. "Alhali aikin a baya yake. In ka ja sitiyari, wannan ɗan fiffiken ya karkata, iska ta danne jela, sai hanci ya ɗaga. In jela ta gaza, ko ka fi barewa gudu, a ƙasa kake."

"Yaya, ai na ci jarrabawa."

"Takarda ka ci. Bari in ƙarasa."

Wata safiya ƙanin zai tashi da jirgin kaya. Baba Jela da hannunsa ya duba jelar, sannan ya tsaya a bakin rumfa da kofin shayi. Jirgi ya zabura, ya kai inda hanci ya saba ɗagawa, ya wuce.

"Ja! Ja mana!" Ihu yake yi, yana gudu.

Titi ya ƙare. Jirgin ya afka cikin kwari, hayaƙi ya turnuƙe.

Sai bayan wata takwas rahoton bincike ya fito: an lafta kaya masu nauyi a gaba, suka fi ƙarfin jela. Ita jelar lafiyarta lau. Shugaban kanikawa ya karanta masa har sau biyu.

"Ka ji ko, Baba? Hannunka fes."

"Na ji, oga. To, wa zan kai wa takardar?"

Ya ci gaba da aiki, amma noti ɗaya sai ya duba sau biyar. Jirage suka fara makara. Bai jira a yi masa magana ba, ya miƙa akwatin kayan aikinsa.

Yanzu shi ke kai 'yar da marigayi ƙanin nasa ya bari makaranta. Hanyar kusa ta gefen filin jirgi ta bi, don haka ta bayan kasuwa suke zagawa. In ta ce ƙafarta na ciwo, sai ya durƙusa ya goya ta.