Hoton Gaban Rumbu

Ƙamshin kafur ne ya jawo wannan zance. Shekaranjiya autata ta shigo ɗakina da waya a hannu. Bikinta ya matso, ita da yaron da za ta aura suna ta shirin hoton nan da ake yi kafin aure. Ta ce ta gaji da irin na ƙawayenta, kowa a lambun otal, kowa da leshi iri ɗaya, ita so take nasu ya zama yana da ma'ana, ko ina da wani tsohon zane da zan ara mata. Na ce ta jawo akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado. Tana ɗaga murfin, ƙamshin ya doki hancina, sai ga ni a ƙauyenmu na gefen Turawa, a ƙasar Karaye, ina yarinya, ina kwana a bayan kakata.

Iya muke ce mata. Mijinta kuwa, kakanmu, Baba Tsoho. Ni aka ba Iya tun da aka yaye ni, don haka abin da zan gaya maka ba ji na yi ba, a gabana aka yi.

Ka san auren mutanen da. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Iya da Baba Tsoho zaune a tabarma ɗaya ba. Ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce Malam, shi kuma ya ce da ita mutuniyar Falgore, don daga can ƙasar Rogo ya auro ta. In ta kai masa tuwo durƙusawa take ta ajiye akushi, ta yi magana tana kallon ƙasa, ta tashi. Baƙo zai rantse ba sa shiri. Amma ni na san wani abu da baƙo bai sani ba. Kullum zai fita masallaci ko kasuwa, sai ya bi ta ƙofar ɗakinta ya ɗan yi gyaran murya. Ita kuma sai ta fito kamar za ta zubar da ruwa, ta duba hagu da dama, in babu surukanta a tsakar gida, ta kama hannun babbar rigarsa ta mayar masa kan kafaɗa. Ta hagun ce ke yawan zamewa, domin kafaɗar ta ɗan sauka saboda shekarun riƙon garma. Ni dai ba a lissafa ni cikin masu ido ba.

A daminar wata shekara idon Baba Tsoho ya fara ba shi matsala. Sai ya riƙa tuntuɓe da turmi, ya miƙa hannu zai ɗauki buta ya kama iska. Babana ya kai shi asibiti a Kano, suka dawo jiki a sanyaye. Likita ya ce ba yana ba ce da za a cire, gani ne ke tsukewa a hankali, kuma abin da ya tafi ba zai dawo ba. Baba Tsoho da kansa ya ce yanzu duniya kamar ta kafar kara yake leƙenta.

Bayan an cire gyaɗa, rufin ɗakuna duk ya cika da harawa, gari na ƙamshin ɗanyar gyaɗa da hayaƙin gasa masara, sai wata safiya ya tsaya a ƙofar Iya, bai yi gyaran murya ba, ya yi magana sosai.

"Mutuniyar Falgore, so nake a yi mana hoto, ni da ke."

Iya tana tankaɗe, sai da rariyar ta kusa suɓuce mata. "Hoto? Ni da wa?"

"Ni da ke na ce. Tun ina ɗan gani."

"Malam, ka dubi girman Allah. Da jikoki da surukai? So kake a yi da ni a bakin rijiya?"

Ka ga inda gizo ke saƙa. Shi idonsa na tafiya, so yake ya ga kansa kusa da matarsa sau ɗaya kafin haske ya ɗauke, abin da bai taɓa gani ba, tun da ko madubi ba su taɓa dubawa tare ba. Ita kuwa zama kusa da miji a gaban mutane, a wurinta, daidai yake da fita kasuwa ba ɗankwali. Ta kafe kai da fata. Ya aiko ƙanwarsa ta lallashe ta, ta ƙi. Ya koma wasan jika, ya ce to shi kenan, zai ɗauka da amaryarsa, wato ni, tun da tsohuwa ta ƙi. Iya ta ce, "Ku ƙarata, Allah ya ba da zaman lafiya." Ya yi dariya ya ce ai da tsohuwar zuma ake magani. Ni dai haushinta na ji, na ga kamar ba ta da tausayi. Yaro yaro ne.

Abin da ya karya ta ba magana ba ce. Wata rana ta kai masa fura, ta ajiye ƙwarya ta miƙa masa ludayi, ya kai hannu gefe guda, ludayin na nan a gabansa bai gan shi ba. Ta daɗe a durƙushe. Da ta dawo ɗaki ta zauna a bakin gado, ta ce da ni, "Je ki gaya masa ya kira mai hoton nasa. Amma da sharaɗi."

Sharuɗɗan nan sun fi na cinikin saniya. Ba za a yi a ƙofar gida ba, sai a ciki. Duk matan gida za su shige ɗakunansu su saki asabari. Ba za ta zauna a tabarmarsa ba, za a shimfiɗa mata tata daban, a bar fili a tsakani. Ba za ta kalli mai hoto ba, kuma ba za ta yi kwalliya ba, don ita ba yarinya ba ce. Baba Tsoho ya amince da duka. Nasa sharaɗin ɗaya ne, a gaban babban rumbu za a yi, wanda ya gina a shekarar da aka kawo ta, ita ce ma ta riƙa ɗebo masa ruwan kwaɓin ƙasar.

Wadda ta ce ba za ta yi kwalliya ba, ana gobe za a yi hoto na ga ta ƙunsa lalle hannu da ƙafa. Na yi mata tsiya, ta ce ƙafarta ce ke kaushi. Ta buɗe akwatin ƙarfen nan ta fito da saƙin da ta zo da shi daga Falgore, baƙi mai ratsin fari, ta shanya shi a igiya don ƙamshin kafur ya ragu. Da safe kuma kwalli ya hau ido, wai ido ne ke mata ƙaiƙayi.

Mai hoton wani saurayi ne da ke zuwa Karaye ranar kasuwa, ya rataya kyamara a wuya, ya ɗaure wani naɗaɗɗen ƙyalle a bayan keke. Ya iso bayan la'asar, ya gama yini yana ɗaukar samari. Babana ya yi masa iso har tsakar gida. Ya warware ƙyallen zai rataya, ashe zanen gidan bene ne da jirgin sama a samansa. Da aka gaya wa Baba Tsoho, ya ce, "Naɗe abinka, ɗan nan. Ban taɓa kwana a bene ba, ba zan fara a hoto ba. Ga rumbu can." Saurayin ya duba kyamararsa ya ce a shirya da kyau fa, fim ɗinsa saura ɗauka ɗaya.

Aka zauna. Baba Tsoho a cikin rigarsa ta shuni, ya miƙe wuya kamar mai jiran hukunci. Iya a tata tabarmar, ta ɗan ba shi gefe, ta sunkuyar da kai. Tsakar gida tsit, amma kowane asabari yana motsi, ka san akwai idanu a bayansa. Mai hoto ya roƙi Iya ta ɗan matso, ta yi kamar ba da ita ake ba. Ya ce da Baba Tsoho ya dubo nan, tsoho ya juya yana neman inda muryar take. Garin juyawa, hannun rigar ya zame daga kafaɗar hagu.

Wallahi ba ta yi shawara ba. Hannunta ne kawai ya tafi. Ta miƙa ta tsallake filin nan da ta yi ta faɗa a kansa, ta kama rigar ta ɗora masa, ta ɗan danna da tafin hannu kamar yadda take yi kullum, fuskarta a ɗage tana dubansa. A nan muka ji ƙyas.

"Wayyo ni, ya kama ni!" in ji Iya. Sai guɗa ta ɓarke daga bayan asabari, ɗaki bayan ɗaki. Ta ja mayafi ta rufe fuska ta yi ɗaki da sauri, har da barin takalmi. Ta aiko ni in ce a sake, mai hoto ya ce babu fim. Ranar ko tuwon dare ba ta fito ta raba ba. Ina jin ta tana faɗa da kanta, tana cewa sabo turken wawa.

Sai jira. A wancan lokacin hoto sai an kai Kano an wanke, kuma saurayin nan ya bi bukukuwan bayan girbi ya ɓace. Duk ranar kasuwa Baba Tsoho zai zauna a zaure tun hantsi, duk ƙarar keken da ya ji sai ya tambaya ko mai hoto ne. Aka yanke dawa, aka kai ta rumbu, ba labari. Shi kuwa ido bai jira ba. Da farko yana gane mu in mun matso, daga baya sai ta murya. Iya da ta yi ta addu'ar Allah ya sa hoton ya ƙone, ita ce ta koma tana aiken babana Karaye ya nemo yaron.

Ranar da aka kawo hoton, Baba Tsoho ba ya bambance komai sai haske da inuwa. Ya ce a kira masa ita. Muka shiga turakarsa ni da Iya. Ya fito da hoton daga ambulan, ya shafa shi, ya kai shi dab da fuska, ya juya wajen ƙofa inda haske yake. A kife ma ya riƙe shi. Na buɗe baki zan faɗa, Iya ta mintsine ni. Ta karɓa a hankali ta juya masa shi daidai.

"Ba na gani," ya ce. Bai yi kuka ba, amma muryar ta yi ƙasa. "Faɗa mini abin da ke ciki."

Ta ce rumbu ya fito da kyau, har da tsagar nan ta gindinsa. Ta ce rigarsa ta yi baƙi sosai, hularsa ta ɗan karkace, ga kuma wata kaza ta kutso kai ta gefe. Ta ce ita ma tana nan dai.

"Saura," in ji shi.

"Babu saura, Malam."

Sai ya ɗaga hannu ya dafa kafaɗarsa ta hagu. "Akwai hannu a nan. Wannan ba sai na gani ba, na ji shi." Ya ɗan yi murmushi. "Ashe dai an yi mana hoto."

Iya ta ce, "Allah ya shirye ka, tsoho." Amma ba ta tashi ba. A gabana ta zauna a gefen tabarmarsa, har aka kira magariba.

Bai ƙara damina biyu ba ya rasu. Hoton bai taɓa hawa bango ba. A ƙasan akwati ta ajiye shi, cikin ninkin saƙin nan, kuma da za a kai ni ɗakin miji ta ba ni akwatin gaba ɗaya. Yanzu rumbun ya rushe, an yi sito na bulo a wurinsa, asabari ya zama labule, kuma yaran gidan kowa da kyamara a aljihu. Ba na cewa zamaninsu ya fi namu lalacewa. Har ga Allah ina jin daɗi in na ga autata tana dariya kusa da wanda take so ba tare da ta ɓoye fuska ba. Kewa ce dai take damuna, ta mutanen da ba sa faɗin so da baki amma yana fita ta hannu.

Autata ta warware saƙin, hoton ya faɗo kan cinyarta. Launinsa ya koɗe ya koma ja-ja, amma hannun na nan, da lallensa. Na ba ta labarin kamar yadda na ba ka. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Umma, irin wannan za mu yi. Zan sa zanen, shi ya sa babbar riga, in dafa shi haka."

Na ce ta ɗauki zanen, halak malak, su je su yi hotonsu, Allah ya sa albarka. Amma wannan kam ba a shirya shi. Sai an zauna, an ci daɗi an ci wuya, har wata rana rigarsa ta zame ta gyara masa ba ta ma san ta gyara ba. Na ce mata ranar nan, ko babu mai hoto a kusa, an ɗauka.