Ghusun, Wadda Ta Faɗa Mini Maganar Ƙafata

Ghusun ma'aikaciyar jinya ce tun a Homs, kafin yaƙi ya koro ta. A nan Rotterdam aka karɓi takardunta, aka juya su gaba da baya, aka ce aikin dai ta iya, bakinta ne bai iso ba. Sai ta koma yi wa tsofaffi wanka da sauya zanen gado a gidan jinyar da aka kwantar da ni, lokacin da ciwon sukari ya kama cin ƙafata. Da ta tashi aiki sai ta hau keke cikin ruwan sama ta tafi ajin koyon Holanci. Keken ma a nan ta koya da girmanta, gwiwoyinta duk tabo.

Ni daga duwatsun Rif na zo, ban taɓa zama a aji ba. Holancina wajen sharar ofisoshi na tsince shi, rabinsa zagi ne. Ba na jin Larabcinta, ba ta jin yaren garinmu, don haka da Holanci muke hira. Nata tas yake kamar na masu karanta labarai a talabijin. Khalti take kirana, wato inna a yarensu. In na tsokane ta sai ta ce, "Khalti, ke da za ki shiga jarrabawa, malamin ne zai gudu."

Jarrabawar takarda ta cinye. Saura gwajin aiki a ƙarƙashin Annelies, shugabar sashenmu, wata doguwa mai cin burodi da cuku a tsaye. A nan aka tsaya. Annelies ta ce Ghusun ta san kowace kalma amma ba ta faɗin magana: majinyaci ya tambaye ta, sai ta yi ta kewaye, da sauƙi, a yi haƙuri, za a gani. An ƙara mata wa'adi, aka kuma gaya mata babu wani ƙarin. In ba ta gyara ba, ita da zanen gado har ta tsufa.

Ghusun ta kawo mini ƙara tana tsefe mini kai. Wai a garinsu wanda ya dubi marar lafiya ya faɗa masa mummunan labari, mugu ake ce masa. Na ce a namu ma haka ne, amma mutanen nan in ka rufe musu magana, gani suke ka mai da su yara.

Ana cikin haka likita ya zo duba ƙafar. Ya yi ta zuba da manyan kalmomin asibiti, ɗana Mimoun yana fassara mini. Likita ya yi dogon bayani, Mimoun ya ce wai za a ɗan wanke ciwon, yana sosa kunne. Ni na haife shi; tun yana yaro in zai yi ƙarya kunnensa yake sosawa.

Annelies ma ba ta yarda na gane ba. Ta ce Ghusun ta zauna da ni ta tabbatar, ita kuma za ta tsaya ta saurara. Kafin su shigo, na jiyo Mimoun a bakin ƙofa yana haɗa Ghusun da Allah da iyayenta kada ta faɗa. Ta ba shi amsa a hankali, cewa ƙafar ba tasa ba ce.

Ta jawo kujera, ta riƙe hannuna. Nata ya fi nawa sanyi. Ta tambaye ni ko ina son jin komai, ko kaɗan.

Na ce, "'Yar nan, ƙafar ruɓewa take, ba kaina ba."

Ta ce, "Khalti, ƙafar ba za ta warke ba. Likita yana so a yanke ta daga ƙasan gwiwa. In ba a yanke ba, ciwon zai shiga jini, zai iya kashe ki. Ke ce za ki ce i ko a'a."

Ba ta cika ɗakin da surutun lallashi ba, ba ta kuma saki hannuna ba. Na zagi ƙafar da irin Holancin da na iya, na yi kuka, sannan na jero tambayoyina, tana amsa su ɗaya bayan ɗaya da kalmomin da ko ni na gane. Wadda ba ta sani ba ta ce ba ta sani ba, za ta tambayo. Mimoun ya yi fushi da ita, ya huce ranar da ya ga na fara takawa da ƙafar roba.

Da aka ba Ghusun izinin aiki, ita da kanta ta kawo kek sashenmu, don a nan mai murna shi ke ciyar da mutane. Ta bi gadaje tana rabawa. Na miƙa hannu, na ce ko ɗan gutsure, albarkacin ƙafar da na bayar ta ci gwaji.

Ta dube ni ta ce, "A'a, Khalti. Sukarinki ya hau da safe."

Ta wuce gado na gaba abinta.